Inshorar PPI: yadda na karɓo kuɗina bayan na riga na ci moriyarta

Na daɗe ina ɗauka cewa ba ni da bakin magana a kan inshorar PPI, wato inshorar kare biyan bashi, da aka haɗa mini da rancen banki a nan Ingila, saboda ta taɓa biya mini bashi a lokacin da nake kwance da karaya, kuma irin tarbiyyar da muka taso da ita tana sa mutum jin nauyin tuhumar wanda ya taɓa yi masa rana. Wannan sharhi bayani ne a kan hanyoyi uku da na bi, wato kamfanin da ke karɓo wa mutane diyya, da sashen ƙorafi na bankin, da ofishin Ombudusman mai sasanta rikicin harkokin kuɗi, da abin da na tarar a kowannensu.

A shekarar 2007 na karɓi rancen fam 8,000 da zan biya cikin shekara biyar. Ma'aikacin bankin ya shaida mini cewa da wuya a amince da buƙatata in ba tare da inshorar ba, wadda aikinta shi ne ta ci gaba da biyan kason wata-wata idan mai bashi ya yi rashin lafiya, ko hatsari, ko ya rasa aiki. Ban yi gardama ba, domin a matse nake. Abin da bai bayyana mini ba shi ne cewa kuɗin inshorar, fam 1,900, an ɗora shi ne gaba ɗaya a kan rancen tun ranar farko, ta yadda shi ma yake tara nasa kuɗin ruwan. Irin wannan tsari na biya a dunƙule ne hukuma ta sa aka daina sayarwa tare da rancen da ba shi da jingina a 2009. Haka kuma bai tambaye ni yanayin aikina ba, alhali a lokacin ina aikin wucin gadi ne ta hannun kamfanin da ke samar da ma'aikata, kuma sharuɗɗan takardar sun fitar da ƙarewar irin wannan kwantiragi daga abin da ake kira rasa aiki.

A watan Janairun 2010 na zame a kan ƙanƙara na karye a ƙafa. Na cike fom, likita ya sa hannu, kuma bayan kwana 30 na farko da ba a biya, inshorar ta biya mini wata huɗu, fam 206 kowane wata, jimilla fam 824. Ba zan ɓoye ba, kuɗin nan sun rufa mini asiri. Saboda haka ne ma, lokacin da Babbar Kotu ta yi watsi da ƙarar Ƙungiyar Bankunan Birtaniya a kan ƙa'idojin duba ƙorafin PPI a watan Afrilun 2011, aka shiga mayar wa waɗanda aka sayar wa inshorar ba bisa ƙa'ida ba kuɗinsu, ban ga kaina a cikin waɗanda abin ya shafa ba. Sai da hukumar FCA mai sa ido a kan harkokin kuɗi ta fara shela a talabijin a 2017 cewa za a rufe karɓar ƙorafi ranar 29 ga Agusta 2019, sannan na ce bari in gwada, ko don in cire wa zuciyata kokwanto.

Kamfanin karɓo diyya shi ne na fara tuntuɓa, kuma ban ji daɗin mu'amala da shi ba. Sun nemi kashi 30 cikin ɗari na duk abin da aka samu, ban da harajin VAT, domin a lokacin ba a riga an ƙayyade ladansu a kashi 20 ba, abin da ya zo a watan Yulin 2018. Da farko kullum suna kan waya, amma da na ambaci cewa inshorar ta taɓa biyana, sai matashin da ke magana da ni ya ce shari'ata ba ta da ƙarfi, daga nan ban sake jin ɗuriyarsu ba. A ganina ba ƙarfin hujja suke dubawa ba, suna lissafin abin da zai rage musu ne bayan an cire fam 824, kuma kuskuren da suka cusa mini ya kusa sa in haƙura.

Da na yanke shawarar bi da kaina, sai na rubuta wa bankin na nemi duk bayanan da yake riƙe da su a kaina, na biya fam 10 kamar yadda doka ta tanada a lokacin. Tun daga Mayun 2018 wannan buƙata kyauta ce. A cikin tarin takardun da suka aiko na ga kwafin yarjejeniyar, na kuma lura cewa alamar amincewa da inshorar na'ura ce ta buga ta, ba alƙalamina ba, kuma babu wani wuri dabam da na sa hannu a kanta. Na haɗa wannan da takardun albashina na 2007, na shigar da ƙorafi. Doka ta ba banki mako takwas ya ba da amsa, kuma a mako na bakwai wasiƙarsu ta iso da ƙin amincewa. Hujjarsu ɗaya ce: tunda na nemi biya kuma an biya ni, to na san da inshorar kuma ta dace da ni. Ba su ce uffan ba a kan maganar cewa an nuna mini tilas ce, wadda ita ce ginshiƙin ƙorafina. Wannan amsa ta ɓata mini rai fiye da asarar kuɗin, domin sanin da na yi da inshorar a 2010 bai wanke abin da aka faɗa mini a 2007 ba.

Ana ba mutum wata shida daga ranar amsar ƙarshe ta banki ya kai magana gaban Ombudusman, kuma ba a biyan ko kwabo. A nan ne na ga aiki na tsanaki. An sanar da ni tun farko cewa akwai dogon layi, abin da ba mamaki ba ne ga badaƙalar da FCA ta ƙiyasta an sayar da inshora kusan miliyan 64 a cikinta. Jami'ar da aka ba takarduna ta kira ni ta yi mini tambayoyi a kan ranar cinikin kaɗai: wa ya yi magana da ni, me ya ce, an nuna mini farashin rancen da inshora da kuma ba inshora, an tambaye ni irin aikina. Da na kawo zancen karayata cikin fargaba, sai ta bayyana mini cewa abin da suke aunawa shi ne yadda aka sayar, da kuma ko da zan saya da an gaya mini gaskiya. Biyan da aka yi mini daga baya yana shiga ne a lissafin diyya. Ta kuma yi mini bayanin hukuncin Plevin na Kotun Ƙoli a Nuwamban 2014, inda aka gano cewa kashi 71.8 cikin ɗari na kuɗin inshorar da wata mata mai suna Plevin ta biya kamasho ne da aka ɓoye mata, wanda daga bisani FCA ta kafa ƙa'idar mayar da abin da ya haura kashi 50. Wannan hanya ta biyu ce ga wanda ƙorafinsa na farko bai yi nasara ba, kuma ba a haɗa wa mutum duka biyun.

Bayan wata tara ta rubuto cewa ta goyi bayana, bankin kuma ya amince. Lissafin ya zo dalla-dalla: kuɗin inshorar da ruwan da ya tara sun kai fam 2,370, aka cire fam 824 da aka biya mini lokacin jinya, saura fam 1,546, sannan aka ƙara kashi 8 cikin ɗari na kowace shekara saboda tsawon lokacin da kuɗina suka yi a hannunsu. Cire fam 824 ɗin bai dame ni ba, hasali ma ina ganin adalci ne, tunda manufar diyyar ita ce a mayar da mutum matsayin da zai kasance da bai sayi inshorar ba, kuma wanda bai saya ba babu mai biya masa bashi ranar da ya kwanta. Amma wannan ƙa'ida tana nufin cewa wanda inshorar ta biya shi fiye da abin da ya zuba, kamar mai jinyar shekara guda, zai iya cin nasara ya tashi hannu rabbana. Wani abokin aikina haka ta kasance da shi.

Abu biyu suka biyo baya. Bankin ya cire harajin kashi 20 daga ƙarin kashi 8 ɗin, kuma da yake tun Afrilun 2016 mai biyan haraji a matakin farko yana da rangwamen fam 1,000 a kan irin wannan shiga, na cike fom R40 na hukumar haraji ta HMRC aka mayar mini da mafi yawansa. Na biyu shi ne matsayin ƙarin kansa a addini, wanda ya tsaya mini a rai. Na je wurin limamin masallacinmu na ce, “Allah ya gafarta Malam, wannan ƙari diyya ce ko riba?” Ya ce asalin kuɗina halalina ne, ƙarin kuma ya fi mini aminci in fitar da shi ga mabuƙata, kuma hakan na yi.

Ƙofar ƙorafin PPI ta rufe tun 29 ga Agusta 2019, kuma daga ƙarshe bankuna da sauran masu ba da rance sun mayar da fiye da fam biliyan 38. Ofishin Ombudusman kuwa yana nan yana karɓar ƙorafi a kan bashin mota, da katin bashi, da sauran nau'o'in inshora, da ƙa'idar nan ta kai kuka wurin kamfani tukuna da wa'adin da galibi wata shida ne bayan amsarsa. Tun bayan nasarata na taimaka wa mutum uku daga cikin 'yan uwanmu mazauna nan wajen rubuta takardunsu kafin wa'adin ya cika, kuma biyu daga cikinsu inshorar ta taɓa biyansu kamar yadda ta biya ni.