Wasiƙa daga Birmingham: ciwon cikin nan, a nan da can gida

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da iyali, da su Hajiya. Ka ce in bayyana maka yadda ake kula da ciwon cikin nan a Ingila, tunda Anti ma ta fara irin nawa: kumburi bayan cin abinci, murɗa, yau gudawa gobe bayan gida ya ƙi fita.

Ka san halinmu a Kano. Duk ciwon da ya sauka ƙasan ƙirji olsa ne, in ya haɗa da kasala taifot ne, in ya shafi bayan gida basir ne. Mutum ya tsaya a kemis a haɗa masa Flagyl da omeprazole, ya ji dama-dama mako guda, abu ya dawo. A nan Flagyl ba ya sayuwa sai da takardar likita. Likitan unguwa ya sa aka ɗebi jinina, aka duba ƙarancin jini da alamar kumburi da cutar da alkama ke jawo wa wasu, aka kuma gwada bayan gida. Da komai ya fito lafiya sai ya ce abin da suke kira IBS ne. Hanjin ba shi da gyambo, ba ya rikiɗewa ya zama daji, amma ya cika saurin tunzura, iskar da wani ba zai ma ji ta ba kai sai ta naɗe ka. Hukumar NICE da ke tsara wa likitocinsu ƙa'ida ta ce mutum 10 zuwa 20 cikin 100 na fama da shi a ƙasar nan, kuma mata sun ninka maza.

Kada ka ji an ce asibiti kyauta ne ka ɗauka banza ta faɗi. Mu baƙi tun wajen biza muke biya, fam 1,035 ga babba a kowace shekara tun Fabrairun 2024, sannan duk maganin da aka rubuta maka fam 9.90 ne kowane ɗaya. Ganin likita kamar minti 10 ne, ka faɗi abu ɗaya ka tashi. Da aka tura ni wajen masaniyar abinci kuwa, sai da na yi watanni ina jiran takarda. A Kano mai kuɗi a hannu ya ga ƙwararren likita kafin Juma'a ta zagayo. Ta nan kam kun fi mu.

Amma jiran bai tashi a banza ba, don wajenta na samu abin da ya fi magani amfani. Tsarin cin abinci ne da masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostireliya suka fito da shi wajen 2005, ana ce masa FODMAP. Akwai wasu nau'o'in sukari a abinci da ƙaramin hanji ba ya iya shanye su sosai. Sai su jawo ruwa, su gangara babban hanji, ƙwayoyin da ke can su ruɓar da su, iska ta taru. Ana janye su mako 4 zuwa 6, sannan a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya, ana rubuta abin da ya faru. Ta nanata mini cewa ba a dawwama a kan janyewar, don mutum zai rame a banza. Abin nema shi ne ka gano naka abokan gabar. Nawa albasa ce da tafarnuwa da wake da madara. Alkama ina ɗan taɓawa.

Da ta miƙo mini takardar abin da aka yarje, Yaya, dariya ta kusa kama ni. Shinkafa, masara, gero, dawa, dankali, doya, gyaɗa, kuɓewa, karas, alayyafo, gwanda, abarba, lemo, ƙwai, kifi, nama. Na ce a raina, ai wannan Dawanau ce da Yankaba aka rubuta da Turanci. Su nan rayuwarsu a kan alkama take: burodi da safe, burodi da rana, taliya da dare. Wanda aka hana wa alkama sai ya koma wani layi na musamman a manyan kantuna irin su Tesco ko Sainsbury's, inda ɗan guntun burodin da ba alkama ya ninka na kowa tsada, ga shi yana marmashewa a hannu. Gero da dawa da acca kuwa sai shagon 'yan Afirka ko kantin masu kula da lafiya, a 'yar leda mai hoto, da kuɗin da in na faɗa maka da naira za ka ce ƙarya nake. Anti kuwa tuwon dawa da miyar kuɓewa, tuwon shinkafa, faten acca, kunun gyaɗa, waina, duk suna ƙofar gida. Abin da za ta sa wa ido su ne ƙosai, alale, ɗanwake, fankaso, alkubus, gurasa da taliya. Mangwaro da kankana da zuma ma suna cikin masu tayar da ciki, in an ci da yawa.

Inda suka sha gabanmu shi ne rubutun jikin kaya. Doka ta tilasta a jera duk abin da ke cikin abincin leda, kuma abubuwa 14 da ke tayar wa mutane da borin jini, irin su madara da alkama da gyaɗa, a rubuta su yadda ido zai kama. Albasa da tafarnuwa ba sa cikin 14 ɗin, sai ka bi layi-layi da kanka, kuma za ka same su har a inda ba ka zata ba, a dunƙulen miya da garin kayan ƙamshi. Akwai madarar Arla Lactofree da aka warware sukarinta, kusan kowane kanti. Akwai Buscopan na murɗa da ƙwayoyin man na'a-na'a, ba sai da takarda ba. Akwai man girki da aka jiƙa tafarnuwa a ciki, don abin da ke damun hanjin ba ya narkewa a mai, ƙamshin kaɗai ke shiga. Wannan Anti ta iya yinsa: ta soya tafarnuwa guda-guda a man gyaɗa, ta tsame ta zubar, ta yi miyar nan take. A maimakon albasa ta sa lawashi, koren ganyen kawai. Fura da nono fa? Ta gwada fura da ruwa tukuna, daga baya ta gwada kindirmo kaɗan ta ga yadda za su kwashe.

Sai maganar da ba a son yi, bayi. Mai wannan ciwo kafin ya fita sai ya lissafa inda zai tsuguna. A nan manyan kantuna da tashoshin jirgin ƙasa suna da bayi mai tsabta, kuma tun 2019 aka daina karɓar kuɗi a manyan tashoshin. Har wani kati ake bayarwa da za ka nuna a shago, yana cewa mai shi ba ya iya jira. Sai dai ba buta, ba famfon tsarki, takarda ce kawai, ina yawo da gorar ruwa a jaka. A Kano tsabtar sai a hankali, amma ruwa da buta ba sa wuya, ga gidajen wanka da ba-haya a kasuwanni. Namiji ya samu mafita. Mace a cikin Kantin Kwari ko a adaidaita sahu cikin cunkoso ita ce abin tausayi, kuma mata ne suka fi yawa a ciwon.

Ka taimaka wa Anti wajen mutane, don nan ne wahalar take. Bature in ka ce ba ka cin abu, ya ce to, ya wuce. Har a takardar gayyata ake tambaya. A gida kuwa ka ƙi cin abincin biki a ce girman kai, ko ƙyanƙyami, ko kana zargin an zuba maka wani abu. Mace ta janye hannu daga kwanon uwar miji, ai ka san sauran. Kai za ka faɗa wa Hajiya da bakinka cewa likita ne ya hana, kalma ɗaya daga gare ka ta fi bayaninta goma. Ta riƙa cin nata a gida kafin ta fita, a can ta ɗebi farar shinkafa da nama. Damuwa kanta tana tayar da ciwon, tsoron kada ciki ya yi ƙugi a taro shi ke sa shi yin ƙugin. Batun alwala kuma, in iska ta matsa mata, ta tambayi malami hukuncin salas, wato wanda alwalarsa ke yawan warwarewa ba da son ransa ba, akwai sauƙi a ciki, kada ta riƙa sake salla tana kuka. Da azumi ta buɗe baki da ruwa da dabino ɗaya da kunu, ta bar ƙosai da lemon kwalba, ta ci kaɗan-kaɗan zuwa sahur. Shayi kada ya wuce kofi 3 a yini.

Kafin duk wannan, a kai ta Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala a gwada bayan gida da jini, don a wajenmu tsutsar ciki da atuni suna kama da shi. In ta ga jini, ko tana ramewa ba dalili, ko gudawa na tashinta cikin dare, wannan ba maganar abinci ba ce, a gaggauta.

In an samu mai tahowa, a auno mini acca da garin dawa da busasshiyar kuɓewa. Kada a sako kilishi ko man shanu, an hana shigo da nama da kayan madara daga wajenmu, a filin jirgi za a ƙwace. A gaida Hajiya da kyau, a ce wa Anti ina yi mata sannu.