Ramin gareji da rufin kwano: saƙo daga Oklahoma

Duk Asabar da ƙarfe 12 na rana ana kaɗa jiniyar gargaɗin guguwa a birnin Oklahoma. Gwaji ne, ko kai ba wanda ke ɗagawa. Wadda ta girgiza ni ta wani dare ce a watan Mayu, bayan isha'i. Wayata da ta maiɗakina suka ɗau kururuwa a tare, jiniyar unguwa ta amsa, sai ga bugun ƙofa. Maƙwabciyarmu ce, wata dattijuwar Baturiya da gaisuwarmu ba ta taɓa wuce ɗaga hannu ba. Ko sannu ba ta ce ba. "Ɗauko yaran, kowa ya sa takalmi, ku biyo ni."

Ta kai mu garejinta, ta ja wani murfin ƙarfe a daɓe, daidai inda motarta ke tsayawa, sai ga matakala. Akwatin ƙarfe ne aka binne a ƙasa, da benci biyu suna fuskantar juna, da tocila, da robar ruwa, da ƙaramar rediyo mai batir. Ta kifa wa yarana hulunan kwano na hawan keke. Muka cushe, gwiwa na gugar gwiwa, ta ja murfin ta sa sakata. Can na ji ɗumi a cinyata, ashe karenta ne ya ɗora haɓa, ni kuwa da alwalata. Ban ce uffan ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. A sama ƙanƙara na dukan ƙofar gareji, kunnuwana suka toshe, mai hasashen yanayi a rediyo yana kiran sunayen tituna ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin minti nawa ya rage kafin abin ya iso kowanne. Maiɗakina na ta jan Hasbunallahu, dattijuwar na ta tata addu'ar.

Allah ya taƙaita, guguwar ta gefenmu ta bi. Washegari na je inda ta sauka. Mu da muka saba da guguwar bazara mai kwasar leda da kayan shanya, ba mu da ma'aunin wannan a kai. Na ga gida babu rufi babu bango, amma ga kwanuka a jere a kan kanta. Na ga guntun katako ya huda gefen mota ya tsaya a ciki. Takalman da matar ta nace a sa, a nan na gane dalili: ko'ina ƙusoshi ne da fasassun gilasai.

To, ga abin da ya fi ci mini rai. Gidan da za a ce maka dala dubu ɗari biyu ko uku, katako ne. Tubaifo ake jerawa, a lulluɓe da falanki, daga ciki a manna allon farar ƙasa wanda yaro mai ƙiriniya zai iya hudawa da ƙafa. Jan bulon da kuke gani a hotuna kuna cewa ma sha Allah, layi ɗaya ne aka jingina don ado, ba shi ke ɗauke da rufin ba. Ranar da na fara ƙwanƙwasa bangon ɗakina na ji ya amsa kamar kwalin ashana, na ce a raina birkilan unguwarmu da ya ga wannan sai ya yi dariya har ya faɗi. Hujjarsu ita ce katako na da arha a nan, ladan ma'aikaci na da tsada, gidan katako kuma cikin 'yan watanni an gama. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa ma, da ake samu a jihohin arewa, a nan da wuya ka gan shi, saboda jar laka ce mai kumbura in ta sha ruwa, ta tsage in ta bushe. Shi ya sa mai hali yake sayen wancan akwatin da 'yan dubban daloli. Gwamnatin jiha na mayar wa wasu wani kaso na kuɗin, amma da ƙuri'a ake fitar da su.

Wani injiniya da muke salla tare ya rage mini kaifin raini. Ya ce bulo ba rodi a ciki, in iskar ta kai iska, ya fi katako kisa, domin a kanka zai zube. Misalinsa garin Moore ne, nan kudu da mu kaɗan. Ran 3 ga Mayu 1999 na'ura ta auna iskar guguwar da ta bi ta can a kusan kilomita 480 cikin sa'a. Ran 20 ga Mayu 2013 wata ta sake bi ta garin, ta kashe mutum 24, bakwai daga ciki yara ne 'yan firamaren Plaza Towers da bango ya rufta wa. Abin da ya burge ni shi ne abin da garin ya yi bayan an share hawaye. A 2014 suka sauya dokar gini: sabon gida dole ya iya jure iska mai gudun mil 135 a sa'a, wajen kilomita 217, maimakon mil 90 na da. Kuma ba wani abin a zo a gani suka ƙara ba. 'Yan ƙarafuna ne da ba su kai tafin hannu ba, masu ɗaure kowace rafta da bango, sai ƙarin ƙusoshi, sai ƙofar gareji mai ƙwari. Yadda ya bayyana mini, yawancin gidaje ba ture su iska take yi ba. Ƙofar gareji ko taga ce ke fara ɓallewa, iska ta cika gidan, ta ɗaga rufin daga ciki, bango kuwa da ya rasa abin da ke riƙe da kansa sai ya kwanta. Babbar guguwa ba abin da ke tsaya mata, amma irinta kaɗan ce; mafi yawa ƙanana ne, kuma su ɗaurin rufi na maganinsu. Sannan ba a rufe bango sai mai duba gini ya zo ya ga ƙarafunan da idonsa. In babu, a kwance.

Amurka na ganin guguwa wajen 1,200 a shekara, fiye da kowace ƙasa. Iska mai ɗumi da laima na tasowa daga Tekun Meziko, busasshiya na gangarowa daga duwatsun yamma, mai sanyi na saukowa daga Kanada, su yi karo a wannan shimfiɗaɗɗen fili. Masanan cibiyar hasashen yanayi da ke Norman ba sa saurin ɗora kowace guguwa a kan sauyin yanayi. Abin da aka lura da shi dai, tana ƙara karkata gabas, wajen Misisifi, Alabama da Tenesi, tana zuwa da yawa a rana guda, wani lokaci ma ba a kakarta ba. Wadda ta ragargaza garin Mayfield na Kentaki a watan Disamba ta zo, a 2021, ana tsakiyar hunturu.

Kamfanonin inshora ba su jira masana sun gama muhawara ba. Oklahoma na cikin jihohin da inshorar gida ta fi tsada, kuma mai gidan da nake haya ba daga aljihunsa yake biya ba, a kaina yake saukewa duk sabuwar shekara. Ƙanƙarar daren nan ta lotsa mini mota ko'ina. Da na kira kamfanin, wata murya mai zaƙi ta sanar da ni cewa kason farko na gyaran ni zan biya, ta kuma yi mini fatan wuni lafiya. Kafin ƙasa ta bushe masu gyaran rufi sun cika unguwa suna buga ƙofofi, na kirki da 'yan damfara duk da riga iri ɗaya. Mafakar jama'a kuma babu a birnin. Wanda ba shi da rami, shawarar da ake ba shi ita ce ya shige bahon wanka ya ja katifa a kansa. Talakan da ke zaune a gidan tirela, wato ƙaramin gidan da ake jawowa da mota a ajiye, shi ya fi mutuwa. A nan ne nake kewar gida. A wajenmu da rufinka ya tashi, kafin gari ya waye maƙwabta sun raba yaranka a ɗakunansu, 'yan jaje sun cika zaure, an yi gayya an tattaro kwanon. Nan ma 'yan sa kai na zuwa da abinci da zarto, ban hana musu ba, amma bayan mako guda kai ne da fom da lambar waya.

Sai dai jajen namu ya yi yawa, shiri ya yi kaɗan. Ruwan farko na kowace damina labarin ɗaya ne: iska ta yaye rufin gidaje, ta kwashe na ajujuwan firamare, a ce ƙaddara, a raba buhun masara da bandir ɗin kwano, a sake bugawa yadda aka buga na farko. Bangonmu ya fi nasu nesa ba kusa ba, amma rufin ɗora shi kawai muke yi. Kwano mafi sirantaka, katako ɗanye, ƙusa a nesa da juna, sannan a jera duwatsu da tsofaffin tayoyi a sama a ce an danne. Mutum zai kashe miliyoyi a get da tayil, ya yi ta ciniki a kan kuɗin ƙusa. An sare darbejiyar da ke karya iska an yi shago. An sayi filin awon igiya a tsakiyar hanyar ruwa, an cika kwata da leda, alhali mun ga Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, mun ga Mokwa a Mayun 2025. NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, na fitar da hasashen damina duk shekara, amma mutum nawa ne ke jin gargaɗi a wayarsa kafin hadari ya haɗo? Kakanninmu da suka yi soro da azara, suka zagaye shi da rawani, suna sabunta yaɓe da gyara indararo kafin ruwa ya sauka, sun fi mu sanin garin da suke ciki.

Ɗan ginin da nake yi a gida ya kai linta. Na kira Yaya na ce, "Yaya, don Allah a faɗa wa birkila ya dasa ƙaramin rodi a cikin kankaren, a bar kansa a waje, in kafinta ya ɗora rafta a lanƙwasa a kanta, kowace ɗaya." Ya yi dariya ya ce zama da Turawa ya sa mini tsoro. Kafinta ya karɓi wayar: "Ranka ya daɗe, shekara da shekaru muna bugawa a haka." Na ce na sani, shekara da shekaru kuma ana kiransa ya sake bugawa. Da muka yi lissafi, kuɗin rodin bai kai na ƙofar falo ba. Kuɗin silin na nan a hannuna, ba zan tura ba sai an zagaya da waya an nuna mini kowane ɗauri a bidiyo.