Sharhi a kan littattafan Foundation guda uku na Isaac Asimov

A hunturun da ya wuce ne na sayi wannan littafi a hannun wani mai sayar da tsofaffin littattafai da ke baza hajarsa a kan buhu a bakin titi. Kundi ɗaya ne mai kauri wanda ya haɗa littattafai uku a ciki, wato Foundation, da Foundation and Empire, da Second Foundation. Takardunsa sun riga sun yi launin ƙasa-ƙasa, suna warin ajiya, rubutun kuma ƙanana ne ƙwarai, ta yadda idan wuta ta ɗauke da dare sai na matso da fitilar caji har ta kusa taɓa shafin kafin in iya bin layi. Mai sayarwar ya tabbatar mini cewa ɗaurin littafin yana da ƙarfi, amma ban kai rabi ba gam ɗin ya saki, shafuka suka fara fita ɗaya bayan ɗaya, sai da na riƙa ɗaure shi da kyauro duk lokacin da zan ajiye. Duk da haka mako biyar na yi ina tare da shi ban ɗauki wani littafin ba.

Wanda ya taso da karanta Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, ya san cewa labarin tafiya sararin samaniya ba baƙo ba ne a adabinmu. Wannan sha'awa ce ta sa na daɗe ina neman in ɗanɗana ƙagaggun labaran kimiyya na Amurka daga lokacin da masoyansu ke kira zamanin zinariya, wato daga wajen 1938 zuwa tsakiyar shekarun 1940, lokacin da John W. Campbell yake editan mujallar Astounding Science Fiction. A wannan mujalla ce labaran Foundation suka fara fitowa gutsure-gutsure, daga watan Mayu na 1942 zuwa watan Janairu na 1950, kafin kamfanin Gnome Press ya tattara su ya buga a matsayin littattafai a 1951 da 1952 da 1953. Asimov, wanda aka haifa a Rasha a 1920 iyayensa suka kawo shi Amurka yana ɗan shekara uku, yana da shekara 21 kacal kuma yana karatun kimiyyar sinadarai a Jami'ar Columbia lokacin da ya kai wa Campbell tunanin labarin a watan Agusta na 1941. Shi da bakinsa ya faɗa cewa tarihin faɗuwar daular Rum da Edward Gibbon ya rubuta ne ya haska masa hanya.

Ga yadda labarin yake. Wata daula ce ta ɗan Adam da ta shekara 12,000 tana mulkin duniyoyi kusan miliyan 25 a cikin tarin taurari, babban birninta Trantor, duniya guda da aka lulluɓe da ƙarfe gaba ɗayanta, mutum biliyan 40 na zaune a ciki, ba sa noma ko ƙwaya ɗaya, sai dai kumbuna su riƙa yi musu jigilar abinci kullum daga wasu duniyoyi ashirin na manoma. Kowa na ganin daular kamar ba ta da ranar ƙarewa, sai wani masanin lissafi mai suna Hari Seldon ya fito ya ce ta riga ta kama hanyar rushewa, ba abin da zai tsai da ita, kuma bayanta za a shiga duhun jahilci da yaƙe-yaƙe na shekara 30,000. Ya ce faɗuwar ba ta hanuwa, amma ana iya rage tsawon duhun ya koma shekara 1,000 idan aka tsugunar da wasu masana a wuri na musamman. Masu mulki suka gurfanar da shi, suka kore shi da mutanensa kimanin 100,000 zuwa Terminus, wata duniya da ke can ƙarshen iyaka wadda ko ƙarfe ba ta da shi, da sunan su je su rubuta babban kundin ilmin ɗan Adam. Wannan mazauni na masana shi ake kira Foundation.

Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne ilmin da Seldon ya dogara da shi, wanda zan kira lissafin halayyar jama'a. Da farko na yi zaton iƙirarin sanin gaibu ne aka sa wa rigar kimiyya, har na fara jin ƙyamar abin, amma da na ci gaba sai na ga ba haka marubucin ya gina shi ba. Wannan lissafi ba ya iya cewa komai a kan abin da mutum ɗaya zai yi gobe. Abin da yake kintata shi ne inda taron mutane masu ɗimbin yawa za su karkata, kamar yadda ɗan kasuwar dabbobi bai san wane ne zai zo ya taya ragonsa ba, amma ya san farashi zai hau idan Babbar Sallah ta gabato. Sharuɗɗansa biyu ne: dole jama'ar su yi yawa matuƙa, kuma dole a ɓoye musu sakamakon lissafin, domin da zarar sun sani za su sauya hali. Ina karantawa ina tuna Muƙaddimar Ibn Khaldun, wanda tun a 1377 ya rubuta cewa daula tana da ƙuruciya da ƙarfi da tsufa kamar mutum, kuma jin daɗi ne ke cinye zumuncin da ya kafa ta. Wannan kwatance nawa ne, amma ina ganin duk wanda ya zauna da wancan littafi zai ji kamar ya san unguwar da Asimov ke yawo a ciki.

Inda littafin ya fi burge ni shi ne yadda ya nuna mutuwar daula ba tare da ya nuna gobara ko gawawwaki ba. Akwai wani babban jami'i, Lord Dorwin, da aka aiko Terminus daga fadar sarki. Mutum ne mai sha'awar binciken asalin ɗan Adam, amma da aka tambaye shi me zai hana ya je ya tona ƙasa ya gani da idonsa, sai ya nuna mamaki, domin a wajensa bincike shi ne a karanta abin da magabata suka rubuta a auna maganar wannan da ta wancan a tsaya nan. Bayan ya tafi aka ɗauki dukan maganganun da ya yi a kwanakin ziyararsa aka tace su, aka cire ado da zagaye-zagaye, sai aka tarar bai yi alkawarin komai ba. Can gaba kuma ɗan kasuwa Hober Mallow ya shiga wata tashar makamashin nukiliya a duniyar Siwenna, ya tarar da ma'aikacin da ya gaji aikin daga ubansa, yana alfahari da injinan, yana goge su, amma da Mallow ya tambaye shi abin da zai yi idan wani sashe ya lalace, sai ya kasa amsawa, ya koma faɗa. Na ajiye littafin a wannan wuri na daɗe ina tunani, domin ban taɓa karanta bayanin lalacewar ilmi da ya kai wannan sauƙi da zafi ba: inji yana aiki, mai tsaronsa yana nan da kakinsa, amma wanda ya san yadda aka ƙera shi ya mutu tuntuni.

Masu shiga littafin da tsammanin artabun kumbuna za su sha mamaki. Irin wancan salo, na jarumi mai bindigar haske da jiragen yaƙi dubu-dubu, shi ne na E. E. Smith, wanda labarinsa The Skylark of Space ya fito a mujallar Amazing Stories a 1928. A wajen Asimov yawancin yaƙe-yaƙen a bayan fage ake yin su, mu dai labari kawai muke ji. Abin da ke gabanmu mutum biyu ne ko uku a cikin ofis, ɗaya yana zuƙar sigari, suna musayar hujja har ɗaya ya ɗaure ɗaya. Salvor Hardin, magajin garin Terminus, ya kare mutanensa daga masarautu huɗu da ke kewaye da su ba tare da ya harba ko harsashi ɗaya ba. Mallow kuma ya ci yaƙi da jamhuriyar Korell ta hanyar daina sayar musu da kaya kawai, ya zauna yana jira har na'urorin gidajensu da na masana'antunsu suka mutu, jama'a suka gaji da shugabansu. A littafi na biyu, janar Bel Riose, wanda aka ƙera shi a kan siffar Belisarius, janar na daular Rum ta Gabas, ya kusa murƙushe Foundation, sai sarkinsa ya kira shi gida aka kashe shi, domin sarki mai ƙarfi ba ya barin janar mai ƙarfi ya yi suna fiye da kima, sarki mai rauni kuma janar ɗin ne zai hamɓarar da shi. Ko ta wace fuska aka duba, daular ce ke cin kanta.

Akwai wurin da bai kwanta mini ba, kuma ba zan ɓoye ba. Dabarar da Hardin ya yi amfani da ita a kan masarautar Anacreon, ɗaya daga cikin masarautun nan huɗu, ita ce ƙirƙiro addinin ƙarya: aka horar da ma'aikatan injina a matsayin limamai, aka sa talakawa suka ɗauki wutar nukiliya a matsayin abin tsarki, ranar da rikici ya taso kuma limaman suka kashe wutar ƙasar baki ɗaya ana tsakiyar bikin naɗin sarki. Marubucin ya kawo wannan a matsayin hikimar da za a yi wa tafi. Ni abin da na gani shi ne masana sun ɓoye wa mutane ilmi sun shayar da su camfi domin su mallake su, kuma littafin bai tsaya ko sau ɗaya ya tambayi halin da manomin Anacreon ya shiga ba. Haka ma shi kansa Seldon, wanda hotonsa mai magana da ya naɗa kafin mutuwarsa ke bayyana a kan keken guragu a wani ɗaki na musamman bayan shekara 50 da zaman Terminus, ya shaida wa mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu a kan rubuta kundin ilmi cewa aikin nasu yaudara ce tun daga farko. Duk shirin ya tsaya ne a kan cewa 'yan tsiraru su san gaskiya, saura a ja su kamar raƙumi da akala, kuma wannan tunani ya ƙara ƙarfi a littafi na uku.

Sauran aibobin masu sauƙin gani ne. Littafi na farko kusan babu mata a cikinsa, sai matar wani shugaba da aka nuna ta tana mita ana rufe mata baki da kayan ado. Mazan kuma, in ka cire sunayensu, da wuya ka bambanta muryar wannan da ta wancan. Mutanen da ke ratsa taurari suna karanta jaridar takarda, kwamfuta kuma kusan babu ita, abin da ba laifi ba ne ga wanda ya yi rubutu a 1942. Saboda a mujalla aka fara buga su, kowane sashe yana sake bayanin abin da ya gabata, wannan kuma yana gundurar wanda ke karanta su a jere.

Abin da ya ɗaga littattafan sama a idona shi ne rabin na biyu na Foundation and Empire, labarin da ya fara fitowa a 1945. An ruwaito cewa Campbell ne ya matsa wa Asimov ya rushe shirin Seldon, domin labarin da kullum lissafi ke yin nasara zai gajiyar da mai karatu. Sai aka kawo Alfadari, mutum ɗaya da aka haifa da baiwar juya zukatan mutane, yana mai da abokin gaba masoyi, yana cusa wa runduna guda ɗebe tsammani har ta ajiye makami. Lissafin da aka gina a kan taron biliyoyi bai yi tanadin mutum ɗaya irin wannan ba. Ranar da manyan Terminus suka taru domin sauraron wani saƙon da Seldon ya naɗa, sai suka ji yana bayanin wata matsala dabam da ba ita ke gabansu ba, a daidai lokacin da wuta ta ɗauke, kumbunan abokan gaba kuma suka rufe samaniya. Na ji tsigar jikina ta tashi a wannan shafi. A nan ne kuma aka sami Bayta Darell, mace ta farko da aka ba ta hankali da zuciya a cikin labarin, wadda tausayinta na gaskiya ga wani abin tausayi, tausayin da ba wanda ya dasa mata shi, ya zama abin da ya tsai da wanda rundunoni suka kasa tsayarwa. Ba zan faɗi yadda ta yi ba, domin a bar wa mai karatu rabonsa. Jikanyarta Arkady, yarinya 'yar shekara 14, ita ta ɗauki rabin ƙarshe na littafi na uku, amma a ganina wasan ɓuyan da aka yi a can kan inda Foundation ta biyu, wadda Seldon ya kafa a ɓoye, take ya yi tsawo, an yi ta ba da amsa ana warwarewa har sau da dama kafin a kai ga ta gaskiya.

A 1966 an ba wa waɗannan littattafai uku lambar yabo ta Hugo, wadda ake bayarwa a fagen ƙagaggun labaran kimiyya, a matsayin jerin labaran da ya fi kowanne, kuma Asimov bai koma kansu ba sai a 1982 da Foundation's Edge, shekara goma kafin rasuwarsa a 1992. Turancinsu mai sauƙi ne, jimlolin gajeru, ɗalibin da ya gama sakandare zai iya bi da ɗan taimakon ƙamus, sai dai ina ba mai saye shawara ya nemi bugun da aka raba uku mai manyan haruffa, ya kuma buɗe tsakiyar littafin ya duba ɗaurinsa tun kafin ya biya kuɗi. Wanda ya kalli shirin talabijin da Apple TV+ ta fara nunawa a 2021 kada ya zaci ya san labarin, domin an sauya abubuwa da yawa. Nawa kwafin na kai shi wajen mai ɗinkin littattafai ya ɗinke shi da zare ya yi masa bango na kwali, yanzu yana hannun ƙanena da ke karatun tarihi, na kuma ninke masa shafin da Mallow ya shiga tashar Siwenna, na ce idan ya kai wurin ya zo mu tattauna.