Lifidin da na ba da ɗinki a cikin birni, bayan na fita da shi sau uku

Wata biyar ke nan da na karɓo lifidi, wato rigar yaƙi mai cushen auduga, da kwalkwali da garkuwa da takobi daga hannun wani dattijo mai ɗinkin kayan dawaki a cikin birnin Zariya. Abokan wasanmu sun dame ni da tambaya, su kai nasu aikin wurinsa ko kada su kai. Na ƙi cewa komai sai da kayan suka sha ƙura da zufa tukuna, don ranar da aka karɓo kaya daga wurin tela kowa yabo yake yi. Yanzu na fita da su sau uku, biyu da hunturu, ɗaya da bazara, kuma ina da abin faɗa.

Ga wanda bai san harkar ba, mu kusan ashirin ne, yawancinmu mun haɗu tun muna karatu a Samaru. Lokaci-lokaci mukan ware wata Asabar mu fita bayan gari, kowa ya ɗauki matsayin wani mutum na zamanin da, ya sa irin tufafinsa, ya yi magana da bakinsa tun daga hantsi har la'asar. Ba 'yan kallo, ba rubutaccen zance da za a haddace. Akwai dai labarin da aka shimfiɗa, da alƙalin wasa, da dokoki: ba a sara a ka, wanda aka taɓa a hannu ya rasa hannun, wanda aka taɓa sau uku a ƙirji ya kwanta sai an zo ɗaukarsa. Turawa LARP suke ce masa. A Amurka wata ƙungiya mai suna Dagorhir ta fara irinsa tun 1977, a Ingila kuma an yi Treasure Trap a gidan sarautar Peckforton a 1982. Mu wasan daga muke ce masa, kuma ni ban taɓa jin sa baƙo ba. Wanda ya san Kalankuwa, inda samari kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu bayan kaka su yi ta mulki na 'yan kwanaki, ko ya yi Tashe da azumi, ya san daɗin shiga rigar wani.

Shekara biyu ina yin wasan a matsayin bafatake, da 'yar shara da malafa. Da aka ce a labari na gaba ni ne shugaban 'yan lifidi, sai na ga ba zan fito da bargon da aka naɗe da igiya ba kamar yadda wasu ke yi. Wani abokina da iyayensa ke hawan Sallah shi ya kwatanta mini wurin. Ta Ƙofar Doka na shiga, na bar mashin a bakin hanya, na bi lungu har zauren da dattijon ke aiki. Ba allo, ba suna. Buhunan auduga jingine da bango, jalala da sauran kayan dawaki a rataye, yara biyu suna ta soka allura.

Na gaishe shi, na ce lifidi nake so. Ya ce, "Ina dokin? A kawo shi in gwada."

Na ce, "Baba, ai babu doki. Na jikina kawai nake so, a ƙasa zan riƙa gudu da shi."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce, "Ɗana, rigan nan na mai doki ne. Dakare ba ya sa shi. Amma tunda kuɗinka ne, miƙe in auna ka."

Da na saurari wannan magana da kyau da na rage wa kaina wahala. Za mu zo wurin.

Mun yi ciniki a kan naira 95,000 duka kayan huɗu, na ba da kafin alƙalami 50,000. Ya ce mako uku. Sai da aka yi mako takwas. Na je sau biyar, kullum da sabon dalili, amma dalilin gaskiya shi ne aikin wani naɗin sarauta ya faɗo masa, an kawo kayan dawaki da yawa, nawa aka tura ƙarƙashin buhu. Ba ya riƙe waya, sai ta jikansa, shi kuma jikan in ka kira sai ya ce "an kusa". Wannan shi ne babban aibin wurin, kuma duk wanda zai kai aiki gab da Sallah, lokacin da kowane mahayi ke neman a gyara masa kayan Hawan Daushe, kada ya ce ban faɗa masa ba.

Amma ranar da aka warware lifidin a gabana, haushin ya tafi. Bayansa jan mulufi ne da ratsin baƙi da ɗorawa, cikinsa alawayyo mai kauri. Abin da ya fi burge ni shi ne cushen. Na ɗauka soson katifa zai sa, kamar yadda na ga wasu na yi yanzu, sai ya ce shi bai san wannan ba, audugar rimi ya gada. Ya ɗebo ta a tafin hannu ya nuna mini, laushi kamar gashin ɗan tsako, ba nauyi, tana sulɓewa tsakanin yatsu. Garin da ake da Rimin Tsiwa da Rimin Doko ai ba a rasa ta ba. Ya jera ɗinkin layi-layi, tsakanin kowane layi bai fi faɗin yatsa biyu ba, kowane gida an cusa shi daban, don kada audugar ta gangara ta taru a ƙasa. Da hannu aka yi duka. Na juya cikin ina neman inda zare ya tsallake, ban samu ba. A hammata ya bar tsaga don hannu ya ɗagu, a gefe kuma maɗaurai na fata maimakon maɓalli.

Fita ta farko a gindin duwatsun Kufena muka yi, can bayan Wusasa, cikin watan Disamba, hazo ya rufe kan dutsen. Labarin ranar daga tarihin sarakunan Kano muka tsamo shi, inda aka ce Sarkin Nupe ya aiko wa Sarauniya Amina goro 10,000. Muka ce to, ga ayarin goron a hanya, da madugu da jagaba da uban dawaki, mu 'yan lifidi muna rakiya, wasu kuma sun yi kwanton ɓauna a cikin duwatsu. Goron namu ƙwallon giginya ne a cikin buhu. Akwai Bakano ɗaya a cikinmu, da ya gan ni cikin lifidi sai ya fara: wai wannan littafin dai shi ya ce Sarkin Kano Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali, kuma Zazzau ya yaƙa. Wai ga Bazazzagi ya biya kuɗi ya sayi abin da aka ci kakanninsa da shi. Na ce masa ya bari mu haɗu a mashigar dutse. Mun haɗu, kuma shi ya kwanta.

A wannan sanyin lifidin ba shi da na biyu. Sara ya sauka a kafaɗa, ka ji ƙararsa amma ba ka ji zafinsa ba. Har ma wannan ya zama 'yar matsala, don sau biyu alƙalin wasa yana tsayar da ni yana cewa an taɓa ni a baya, ni kuwa wallahi ban sani ba. Na zame a kan fa na faɗi da gefe, inda da 'yar shara ce da na bar fata a wurin, na tashi ba ko ƙwarzane. Ƙaya ta kama mulufin a wuri biyu, ta ja zare, amma ba ta huda ba.

Fita ta uku ce ta nuna mini abin da Baba yake nufi. Cikin Afrilu ne, ana tsakiyar bazara. Kafin azahar na jiƙe sharkaf tun daga wuya har ƙugu, numfashi yana yi mini wuya, idona yana ganin duhu-duhu. Sai da aka kwance mini maɗauran, aka zaunar da ni a inuwar dutse, aka ba ni ruwan leda uku a jere. Mahayi doki ke ɗauke da shi, iska na bugunsa a sama, kuma ba ya wuni yana hawa da sauka a kan dutse da ƙafarsa. Ni na ɗauki kayan mai doki na yi aikin dakare da su. Ba laifin ɗinki ba ne. Sai dai wanda zai saya ya sani cewa daga Maris har saukar damina rigar nan ta ajiya ce. Kuma ba a wanke ta. Audugar rimi ba ta son shan ruwa, amma in aka dirje ta sai ta dunƙule. Shanya kawai ake yi a juya cikin waje, a kakkaɓe da sanda. Wani abu kuma da ya gargaɗe ni a kai, kada in kusanci wuta da ita, don audugar rimi kamar fetur take. Ya ce abin da 'yan lifidi suka fi tsoro ke nan a da, kibiya mai wuta. Tun daga ranar, in ana gasa nama bayan wasa, sai na tuɓe nake matsowa.

Garkuwar ba dogon zance. Fatar sa ce mai kauri, wani baduku maƙwabcinsa ya yi, an naɗe bakinta da soso saboda dokarmu. Ta sha sara, ba ta motsa ba. Madamƙar ta ɗan matse mini hannu, na sa an ƙara. Kwalkwalin kuwa kyau gare shi a hoto, da tuntu ja a sama, amma ya yi mini yawa, in na waiwaya da sauri sai ya rufe mini ido ɗaya. Rawani nake naɗawa a ciki kafin ya zauna.

Takobin ne asara. A nan laifin na raba shi biyu, rabi nawa, don na kai aikin inda ba a san shi ba. Takobin wasa irin wanda ake yi a Turai sanda ce siririya mai lanƙwasa a tsakiya, a lulluɓe ta da soso mai tauri hawa-hawa, a shafe da ruwan roba, a kuma rufe kan sandar da kyau don kada ta huda ta fito. Na yi wa Baba wannan bayani, ya gyaɗa kai, ya ba yaransa. Abin da suka yi shi ne bututun ruwa na roba, da soson katifa, da gam, aka ɗinke da fata aka shafa fenti ruwan azurfa. A ido ya yi kyau ƙwarai, da kube da hamila, har wani tsoho a hanya ya tambaye ni ko na gado ne. Amma fatar ta sa shi nauyi da tauri. A fita ta biyu na sari ƙanin abokina a damtse, yaron ya saki garkuwa ya riƙe wurin, kafin yamma ya tashi ya yi baƙi. Da alƙalin wasa ya latsa bakin takobin sai ya ji bututun a ƙarƙashin yatsa, soson ya riga ya mutu. Nan take aka hana shi shiga fili. Na ji kunya ba kaɗan ba, har gida na bi yaron da man zafi. Yanzu takobin yana rataye a bangon falo, can ya fi dacewa. Wanda nake wasa da shi wani ɗalibi a cikinmu ya haɗa da soson tabarmar motsa jiki, ba shi da kyan gani ko kaɗan, amma ba wanda ya yi kuka da shi.

A gida ma kayan sun jawo magana. Ranar da na shigo da su, uwargida ta zagaya lifidin sau biyu, ta ce, "Baban yara, yanzu wannan bargon ne kuɗin buhun shinkafa?" Na ce ado ne na tarihi. Ta ce to tarihin ya nemi wurin kwana, don ba zai shiga durowarta ba. Bayan fitar bazara kuwa, da warin zufa ya cika ɗaki, a zaure ya yi mako guda. Amma ita ce ta ɗinke mini inda ƙaya ta ja, kuma na kama ta tana ɗaukar ɗanmu hoto da kwalkwalin ya rufe masa har hanci. Wata shawara da ba ta shafi ɗinki ba: a sa kayan cikin buhu in za a fita, a kuma gaida mai unguwar wurin tun kafin ranar a yi masa bayani. Mun taɓa mantawa, 'yan sintiri suka tare mu, muka ɓata kusan awa ɗaya kowa yana latsa takubba yana dariya kafin a bar mu mu wuce. A wannan zamani ba wanda zai ga laifinsu.

To, a kai aiki ko kada a kai? Lifidi da garkuwa, a kai, ido rufe, in dai mutum zai iya jiran wata biyu kuma da sanyi zai sa. Kwalkwali, a tsaya a gwada a wurin kafin a cika kuɗi. Takobi kuwa kada ma a ambata masa, don ba zai ce bai iya ba.

Makon jiya na koma zauren da lifidin a buhu. Na ce, "Baba, ko za a rage cushen, a yanke hannun, don in iya gudu da shi da zafi?" Ya shafa layukan ɗinkin da tafin hannu, ya ce shi ba zai farke wannan aikin ba, in na matsu in kai wa wani. Abin da zai iya shi ne ya yi mini wata 'yar guntuwa marar hannu, mai cushe kaɗan, iya ƙirji da baya. Na tambayi kwana nawa. Ya ce mako uku. Na ajiye kafin alƙalami, na ce masa sai hunturu zan zo karɓa.