Siton bayan gida: na bulo ko na katako da kwano?

Tun da na kafa ɗan sito a bayan gidana ake ta tambayata wanne ya fi.

Na kwano ba ya cin kuɗi. Da zarto, guduma da ƙusa, kai da ɗanka za ku gama cikin kwana 2. Amma gara ce abokiyar gabarsa. Duk katakon da ya taɓa ƙasa ba a shafa masa baƙin mai ba, ta samu abinci. Ga zafi: a watan Afrilu ko tafin hannu ba ka iya ɗorawa a jikin kwanon. Iskar farkon damina kuma kan yaye rufin da bai ɗauru ba.

Na bulo sai an haƙa tushe, an sayi siminti da yashi, an yi kwanaki ana ba ginin ruwa. In hannunka bai saba ba, bango zai karkace, gara ka kira magini. Sai dai ɓarawo da ɓera ba sa samunsa da sauƙi.

Ɗan haya mai ajiye fartanya da baro, na kwano ya ishe shi. Mai gidan kansa da zai jibge buhunan masara, na bulo ya fi masa.