Kilinik ɗin da ya gano ba kwantaccen ciki ba ne

Wata goma sha huɗu ban ga al'ada ba, ga ruwan nono yana ɓata mini riga alhali ban taɓa haihuwa ba. Gwaggona ta ce ciki ne ya kwanta. Na sha rubutu, na sha saiwa, shiru. Wata maƙwabciyata ce ta ja ni wani kilinik a nan Damagaram, kuma shi nake son ba ku labari.

Likitan ya iya sauraro. Da na ambaci ciwon kai, sai ya sa na rufe ido ɗaya, ya riƙa kawo yatsansa daga gefe yana cewa, "Hajiya, da kin gani ki yi magana." Na ɗauka wasa ne. Ashe akwai wata ƴar tsoka kamar ƙwayar wake a ƙasan ƙwaƙwalwa, can bayan hanci, suna kiranta ipofiz. In tsiro ya fito mata, takan zubo sinadarin prolaktin, mai sa ruwan nono, fiye da kima, jiki ya zaci shayarwa ake yi. In ya girma kuma sai ya danne jijiyar ido, ganin gefe ya fara tafiya. A bayan takardar magani ya zana mini duk wannan, har yau tana jakata.

Gwajin jini ya nuna prolaktin ya hau. Hoton IRM kuwa, wato hoton da ke nuna cikin kai, sai da na je Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, ni da maigidana. Tsiron milimita 7 ne, ba kansa ba ne. Likitan ya ce a irin nawa magani ake fara bayarwa, aiki ta hanci sai in ya gagara. Ya rubuta Dostinex, rabin ƙwaya sau biyu a mako, da dare bayan tuwo. Makon farko na sha jiri. A wata na uku al'ada ta dawo.

Abin da ya ɓata mini rai: mai karɓar kati takan ɗaga murya ta tambayi abin da ya kawo ki, ga maza zaune a benci. Jira kuma, tun hantsi sai azahar. Maganin ma ba kullum ake samunsa a garin nan ba, ga tsada. Yanzu da na ga saura ƙwaya biyu a kwalba nake kiran ƙanena a Yamai ya sako mini a mota.