Ƙwai 23 da kwana huɗu a gadon asibiti: sharhina kan cibiyar da ta yi mini IVF

Ba zan kama sunan cibiyar da ta yi mini IVF ɗin ba, wato haɗa ƙwan mace da maniyyi a wajen jiki kafin a dasa a mahaifa. Wajen aikin hannu ba ni da abin cewa a kansu: wuri tsaf, likitan da ya cire ƙwan gwani ne, ban san an yi ba sai da na farka. Inda suka gaza shi ne bayani.

Tun gwajin farko sun san ina da PCOS, matsalar da ke sa ƙananan jakunkunan ƙwai su yi yawa a ma'ajiyar ƙwai, sun ga AMH ɗina, sinadarin da ke nuna yawan ƙwan da mace ke da shi, ya yi sama, kuma shekarata 29. Abubuwan nan uku su ne manyan alamun macen da ma'ajiyar ƙwanta za ta iya amsa allura fiye da kima, abin da likitoci ke kira OHSS. Babu wanda ya zaunar da ni a kan wannan. Takarda dai aka miƙo mini, na sa hannu.

Kwana goma ina soka wa kaina allurar FSH, mai sa ƙwai da yawa su girma, a ƙasan cibiya. Ranar hoton ƙarshe nas ta juyo mini da allon tana fara'a: "Hajiya, duba ki gani, babu masaka tsinke!" Ni ma na yi ta murna. Aka yi mini allurar hCG ta nunar da ƙwan, bayan awa 36 aka cire ƙwai 23.

Kwana uku da cirewa cikina ya yi tsiri, fata ta ɗame tana sheƙi. Na hau sikeli, na ƙaru da kilo biyu cikin kwana biyu, fitsari kuwa ɗan kaɗan, ja-ja. Na buga waya, wadda ta ɗauka ta ce iska ce, za ta wuce. Daren kwana na huɗu kwanciya ta gagara, a zaune nake jan numfashi da ƙyar, maigida ya ce tashi mu tafi.

Wata matashiyar likita da ke aikin dare ce ta fahimtar da ni, da biro a bayan fayil ɗina. Ta ce FSH tara itace kawai ta yi, hCG ce ashanar. Kowace jakar da aka zuƙe ƙwai daga cikinta ba mutuwa take yi ba, tana komawa ƙaramin mazubin sinadarai, hCG kuma tana sa ta fitar da wani sinadari mai suna VEGF. Aikinsa shi ne tsirar da sababbin jijiyoyin jini, amma yana kuma sassauta bangon ƙananan jijiyoyi. A wata na yau da kullum jaka ɗaya ce ke wannan aiki, jiki bai ma san an yi ba. Ni kuwa sama da ashirin ne suke zuba shi lokaci guda. Sai jijiyoyin suka koma kamar randar da ta tsage, ruwan jini yana tsatsowa yana taruwa a ciki, wani lokaci har gefen huhu. Jinin da ya rage sai ya yi kauri, ƙoda ta rasa isasshe, fitsari ya ragu, haɗarin gudan jini ya taso. Abin da ya ɗaure mini kai kenan da farko: ciki fal ruwa, ga shi ana yi mini ƙarin ruwa.

Ta ƙara da cewa hCG tana daɗewa kwanaki a jini, ba kamar LH ba, sinadarin da jiki ke samarwa da kansa don fitar da ƙwai, wanda ke wucewa da wuri. In kuma ciki ya shiga, shi kansa yana samar da hCG, sai ciwon ya dawo daga baya, sau da yawa ya fi tsanani da daɗewa.

A nan zan yaba musu. Sun fasa dasa mini ƙwan a mahaifa a watan, suka daskarar da duk ƙwan da suka haɗu. Sun yi mini allurar hana gudan jini, suna auna fitsarina a kofi mai lamba, sannan suka zuƙe ruwan cikin da allura. Minti kaɗan bayan haka numfashina ya dawo.

Da na warke na tambayi babban likitan dalilin da ya sa ba a yi mini ɗaya allurar nunar da ƙwai ba, ta nau'in GnRH, wadda ke rage wannan haɗari ƙwarai. Ya ce tsarin magungunan da aka ɗora ni a kai tun farko ba ya karɓarta. To wa ya zaɓi tsarin, alhali sakamakon gwajina yana kan teburinsa? Ƙwayar cabergoline ma, da ake bai wa masu haɗari irina don rage tasirin VEGF, sai a gadon asibiti na fara jin sunanta.

Tauraro uku cikin biyar na ba su, ɗaya daga ciki na likitar daren nan ne ita kaɗai. Zan koma wata mai zuwa saboda ƙwan nawa suna hannunsu, kuma dasa daskararre ba ya buƙatar waccan tulin allurar. Na riga na nemi a haɗa ni da ita.